Wa ake yi wa waɗannan tallace-tallacen a Zariya?

Duk wanda ya bi titi daga PZ zuwa Kwangila a 'yan kwanakin nan ya ga yadda tallan bashi ya cika gari: wayar hannu a biya kaɗan-kaɗan, fitilar sola a biya mako-mako, rance ta manhaja nan take. Kuɗin da za a fara ajiyewa an rubuta shi ɓaro-ɓaro, daga cikin Keke Napep ma ana hango shi. Jimillar abin da mutum zai biya kafin kaya su zama nasa, da abin da zai same shi ranar da ya makara, suna can ƙasan takarda da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da sai an sa tabarau. Sai an kulle wa ɗan tireda waya yana tsaka da ciniki, sannan ya san abin da ya sa wa hannu.

Ka yi magana, amsa a shirye take: ai mutanenmu ba sa karatu. Wannan amsa ce ta fi ba ni haushi, kuma a Zariya ake faɗin ta ba kunya. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Lokacin 'yan boko ba su taka kara sun karya ba, amma mutum ɗaya zai buɗe jarida ya karanta, jama'a su zagaye shi, kowa ya tashi ya gane, don an yi rubutun ne saboda su. Yau ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ga makarantu a kowace unguwa, sai a ce mu ne ba ma fahimta?

Ƙungiyoyin agaji ma ba su tsira ba. A kwaso mata daga ƙauyukan Giwa ko Soba, a zaunar da su a ɗakin taro na otal, a yi ta haska musu zane-zane a bango da Turanci har azahar. A raba abinci da kuɗin mota, a ɗau hoto. Tare matar a bakin ƙofa ka tambaye ta me ake so ta yi in ta koma gida, sai ta ce, “Wallahi an dai ce mu dage.” Masu ba da tallafi a Turai ake yi wa wannan taro, su ne za su karanta rahoto. An manta da abin da ya faru a 2003, da wasu jihohin Arewa suka dakatar da allurar shan inna, Kano a kan gaba. Sai da sarakuna da malamai suka shiga lungu-lungu suna bayani da bakin da jama'a suka sani, kafin a kai ga ayyana kawar da ainihin nau'in ƙwayar cutar daga Najeriya a 2020.

Masu cewa sharuɗɗan ciniki harshen lauyoyi ne da ba ya sauƙaƙuwa su je Kasuwar Sabon Gari su saurari mai maganin gargajiya da lasifikarsa. Ba ina tallata maganinsa ba ne, Allah Ya kiyaye. Amma cikin minti ɗaya ya faɗi cutar, ya faɗi kuɗi, ya faɗi cokali nawa safe da yamma. Kamfanin da ya kasa yin haka, ɓoyewa yake yi da gangan.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ce a yi wa mai saye bayani da harshe mai sauƙin fahimta. Ya kamata hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, da ke riƙe da wannan doka ta fito daga ofis, ta tilasta a rubuta jimillar kuɗi da girman da aka rubuta kuɗin farko, da Hausa, har da ajami in ta kama. Allon da ya ƙi bi, a sauke shi.