Bayani ne ko kacici-kacici?

Wai don Allah, masu ƙera manhajojin gwada tsaron wakilan AI (wato manhajojin da ke amsa mutane da yin aiki da kansu), wa kuke rubuta wa takardar bayaninku? Na haɗa wa wani dillalin shinkafa a Birnin Kebbi wakilin da zai riƙa amsa masu saye a WhatsApp. Kafin in miƙa, na ce bari in gwada ko wani zai ɓoye umarni cikin saƙo ya sa shi tona farashin sari. Ba wasa ba ne, irin wannan harin ne na farko a jerin haɗurra 10 na manhajojin AI da ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP ta fitar a 2023.

Na ɗauko wata manhajar gwaji, shafin farko na bayaninta duk yabon kai. Misalin da suka bayar tsohon zubi ne, sunan umarnin ma an canza. Ga data na ƙonewa, ga wuta an ɗauke. Da manhajar ta gama gwajin sai ta rubuta "ya faɗi", amma wa ya faɗi, wakilin ko harin? Oho! Ba a ce komai kan kuɗin da gwajin zai ci ba, sai asusu ya rame. Hare-haren ciki duk da Turanci suke, alhali masu sayenmu da Hausa suke rubutu. Yadda zan ƙara nawa hare-haren kuwa, ko layi ɗaya babu.