Ƙaramin madubin hangen nesa ba zai raba taurarin M80 ba

Wani labari ya ce duk mai ƙaramin madubin hangen nesa zai iya sa ido kan ɓarkewar hasken taurarin da ake kira dwarf nova a cikin curin taurari masu siffar ƙwallo. Anya kuwa? Ga taurarin da ke wajen curi dai gaskiya ne: ɗaya daga cikinsu, SS Cygni, kan yi ɓarkewarsa kusan duk bayan mako bakwai, kuma masu sha'awa sun fi shekara ɗari suna bibiyarsa. Amma tsakiyar curi kamar M80 cunkoson kasuwar Terminus ta Jos ne ranar jajibirin sallah, dubban ɗaruruwan taurari a nisan da ya haura shekarun haske 30,000. Shi ya sa sai da na'urorin hangen nesa na sararin samaniya, Hubble da Chandra, suka zo aka soma tsinto su ɗaya-ɗaya. Wanda aka gani a M80 a 1860, T Scorpii, cikakkiyar nova ce, wato ɓarkewar da ta fi ta dwarf nova ƙarfi nesa ba kusa ba, har ta danne hasken curin gaba ɗaya. Ga mai cewa a ɓarkewar dwarf nova tauraron mutuwa yake yi kuwa, a'a. Farin wada ne, wato ɗan ƙaramin tauraro mai nauyin gaske, ke zuƙar iskar gas daga abokin zagayensa, gas ɗin ya taru a faifai, ya yi zafi, haske ya tashi kwanaki kaɗan ya lafa. Mu a Jos ma, lokacin da Kunama, rukunin taurarin da M80 ke ciki, ke sama da dare damina ce, gajimare ya rufe ko'ina. To wane dare marubucin yake so mu yi gadin?