Ƙa'idar musayar bayanan marasa lafiya ta fi sayen sabuwar manhaja muhimmanci

Mai ciwon sukari da aka garzaya da shi wani asibiti, bayan ya shafe shekaru yana ganin likita a wani asibitin daban, yakan iso ne da abin da zai iya tunawa kawai. Sakamakon gwajin jininsa da hoton ƙirjinsa da sunayen magungunan da jikinsa ba ya karɓa duk suna ajiye a kwamfutar asibitin farko, amma likitan da ke tsaye a kansa ba shi da hanyar ganinsu. Sai a sake gwajin da aka riga aka yi, wani lokaci ma a ba shi maganin da ya taɓa yi masa illa. Asibitocin da suka cika da kwamfutoci ba su tsira daga wannan ba, domin kowannensu ya sayi manhajarsa daga kamfaninsa, kuma manhajojin ba sa fahimtar juna. Ra'ayina shi ne hukumomin lafiya sun fi mayar da hankali kan wace manhaja za a saya, alhali abin da ya kamata su tilasta shi ne ƙa'idar da kowace manhaja za ta bi wajen aikawa da karɓar bayanai.

Ƙa'idojin nan sun daɗe da samuwa. An kafa ƙungiyar HL7 a Amurka a 1987 domin wannan aiki, kuma bugu na biyu na ƙa'idarta shi ne har yau yake ɗaukar saƙonni masu yawa tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin magani da ofishin karɓar marasa lafiya. Rauninsa shi ne ya bar wa kowa zaɓi da yawa, ta yadda asibitoci biyu za su ce suna bin ƙa'ida ɗaya amma sai masu rubuta manhaja sun zauna sun daidaita su kafin saƙo ya wuce. A 2011 wani masani ɗan Ostareliya mai suna Grahame Grieve ya gabatar da shawarar da ta zama FHIR, wadda ta rarraba tarihin mara lafiya zuwa ƙananan ɓangarori, wato mutumin kansa da sakamakon gwaji da maganin da aka rubuta da abin da jikinsa ba ya so, ta kuma ba da damar a nemi kowane ɓangare ta hanyar da manhajojin waya suke neman bayanai a intanet. Wannan ya sauƙaƙa aikin ƙwarai, har ƙaramin kamfani ma yana iya shiga fagen.

Sai dai isar saƙo daban, fahimtarsa daban, kuma a nan ne nake ganin ake yawan yin sakaci. A wasu ƙasashe ana auna sukarin jini da miligiram a kowace desilita, a wasu kuma da milimol a kowace lita, kuma adadin farko ya ninka na biyu kusan sau 18. Sakamakon 126 a ma'aunin farko daidai yake da 7 a na biyu, wanda shi ne mizanin da ake tabbatar da ciwon sukari idan an auna mutum bai ci komai ba. Idan lamba 7 ta isa kwamfutar da ke tsammanin miligiram, ba tare da an faɗi ma'aunin ba, za a karanta ta a matsayin sukarin da ya faɗi ƙasa har ya kai ga halaka. Saboda irin wannan ne aka samar da kundin lambobi na bai ɗaya: LOINC, wanda cibiyar bincike ta Regenstrief da ke Amurka ta fara a 1994, yana ba kowane gwaji lambarsa, SNOMED CT yana ɗauke da sunayen cututtuka da alamomi da ayyukan likita fiye da 300,000, ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022, shi ne na ƙididdigar cututtuka da dalilan mutuwa. Fannin hotunan asibiti ne ya fi kowa cin nasara, domin tun daga 1993 masu ƙera na'urori suka rungumi ƙa'idar hotuna ta DICOM, shi ya sa hoton da na'urar wani kamfani ta ɗauka yake buɗuwa a kwamfutar wani.

Akwai masu ganin cewa hanya mafi sauƙi ita ce gwamnati ta gina tsari guda ɗaya ta tilasta wa kowane asibiti shi. Ingila ta gwada wannan daga 2002, da wani gagarumin shiri na haɗa bayanan asibitocin NHS, hukumar lafiyar ƙasar, kuma a 2011 aka sanar da wargaza shi, daga baya kuma aka ƙiyasta cewa jimillar kuɗinsa ta doshi fam biliyan 10. Wasu sassan shirin sun rayu kuma suna aiki, amma babban burin bai cika ba, saboda an ƙulla manyan kwangiloli daga sama ba tare da an saurari likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi amfani da abin ba. Asibitin yara da asibitin ƙashi da ƙaramin wurin shan magani ba buƙatarsu ɗaya ba, don haka ya fi dacewa a bar kowa ya zaɓi manhajarsa, a kuma ɗaure shi da sharaɗin cewa bayanan da ke cikinta za su fita a siffar da kowa zai iya karantawa.

Abin da ke hana hakan yawanci ba ƙarancin fasaha ba ne, ciniki ne. Kamfanin da ya san asibiti ba zai iya kwashe bayanansa ya koma wani wuri ba, ya riƙe abokin ciniki na har abada, haka kuma asibitin da ke riƙe da tarihin mara lafiya ya san da wuya mutumin ya tafi wani wajen. Amurka ta zuba kuɗi masu yawa ta dokar HITECH ta 2009 domin asibitoci su koma ajiye bayanai a kwamfuta, suka kuwa koma, amma bayanan suka ci gaba da zama a kulle. Sai a 2016 majalisar ƙasar ta haramta toshe bayanan lafiya da gangan, da tarar da za ta iya kaiwa dala miliyan 1 kan kowane laifi ga kamfanonin manhaja, sannan ƙa'idojin 2020 suka wajabta amfani da FHIR. Tarayyar Turai ta bi sahu da dokarta da ta fara aiki a Maris na 2025, bayan da tun Janairun 2019 mutanen Finlan suka fara karɓar maganin da aka rubuta musu a gida daga shagunan magani na Istoniya.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna da wata dama da waɗancan ba su samu ba, domin da yawansu yanzu suke sayen tsarin farko, kuma suna iya sa sharaɗin tun kafin a sa hannu. Haɗarin da ke gabansu shi ne kowane shirin tallafi yana zuwa da manhajarsa, ta ƙanjamau daban, ta tarin fuka daban, ta rigakafi daban, sai ma'aikaciyar jinya ɗaya ta shigar da sunan mace ɗaya sau uku. DHIS2, manhajar alƙaluman lafiya wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, ta taimaka wa ƙasashe fiye da 70 wajen tattara alƙaluma, amma sanin yawan masu zazzaɓi a gunduma bai gaya wa likita abin da aka ba wannan yaron jiya ba.

Ban raina damuwar masu tsoron fallasar sirri ba, domin tana da tushe. Kutsen da aka yi wa kwamfutocin kamfanin Change Healthcare na Amurka a Fabrairun 2024 ya shafi bayanan mutane kusan miliyan 190, kuma bayanin cewa mutum yana da wata cuta na iya raba shi da aiki ko aure. Amma wannan hujja ce ta a tsaurara ƙa'ida, a rubuta wanda ya buɗe kowane fayil da lokacin da ya buɗe shi, a kuma ba mara lafiya ikon ganin wannan rajista, kamar yadda Istoniya ta yi. Akwai kuma batun tantance mutum, wanda ba ƙarami ba ne: idan mutane biyu suna da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, musayar bayanai cikin sauri na iya liƙa wa ɗaya cutar ɗayan, don haka dole kowace ƙasa ta warware yadda za ta bambanta su kafin ta buɗe hanyoyin.

Duk hukumar da za ta sa hannu kan kwangilar manhajar asibiti ya kamata ta rubuta a ciki cewa bayanan ba mallakar kamfani ba ne, cewa za a iya fitar da su gaba ɗaya ta FHIR ba tare da ƙarin kuɗi ba, cewa kowane gwaji zai zo da lambarsa da ma'auninsa, sannan a gwada haɗa manhajar da ta wani kamfanin a gaban likitoci kafin a biya kason ƙarshe na kuɗin.