Ba ruwa ne ya watsa Cairo ba

Wani marubuci ya ce ambaliya ce ta watsa garin Cairo na jihar Illinois a Amurka, wai ƙaddara ce, ni kam ban yarda ba. Garin yana mahaɗar kogin Mississippi da Ohio, amma ko a ambaliyar 2011 ruwa bai ci shi ba. Mutanensa sun haura 15,000 a 1920, ƙidayar 2020 ta tarar da 1,733. Gadoji suka kashe sana'ar fito. Daga 1969 kuma baƙar fata suka ƙaurace wa shagunan fararen da suka ƙi ɗaukarsu aiki, masu shagunan da yawa suka gwammace su garƙame ƙofa su tashi, yau titin Commercial, babban titin kasuwancin garin, kusan duk kangaye ne. Malam mai cewa ƙaddara ce, wariyar launin fatar ita ma kogi ya kawo ta?