Ranar da Na Sa Dakta Goge Allo

Shekara uku na yi a kwalejin horar da malamai kafin in karɓi NCE, na ƙara huɗu ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren garinmu. A can ko mai shayi ba ya kiran sunana gatsal, sai ya haɗa da Malam. Don haka da na cike fom ɗin DE (shiga kai tsaye) na JAMB, aka tsallakar da ni zuwa aji biyu a jami'a, na ɗauka girman nan ma zai biyo ni.

Ranar farko na ci ado: shadda ta sha sitati, hula zanna bukar, ga baƙar jakar hannu da na aro wurin yayana. Abin da ban lissafa ba, 'yan ajin sun riga sun shekara tare, kowa ya san kowa. Fuska biyu kaɗai ba su sani ba, tawa da ta sabon malamin da aka ce zai ɗauki kwas ɗin.

Ina sa ƙafa a ɗakin lacca surutu ya ɗauke ɗif. Wata ta tura ƙullin gyaɗarta cikin hijabi. Kilas ref, wato wakilin 'yan aji, ya taso da sauri, ya ɗan rusuna, ya miƙo mini makar rubutu a allo.

Nan ne ya kamata in ce ni ma ɗalibi ne. To, sabo turken wawa. Hannun da ya shekara huɗu riƙe da alli bai san ya ƙi ba. Na karɓa, har da gyaran murya.

Sai ga wani siririn saurayi ya shigo, wandon jins, jaka a goye, ya nufo gaba kansa tsaye ba ko sallama.

"Kai samari, yanzu ake zuwa aji? Tunda ka iso, goge mana allon nan."

Ya dube ni, ya dubi hular, ya yi murmushi. Wallahi ya goge shi tas, kusurwa zuwa kusurwa, ko ɗan monita bai kai shi iyawa ba. Sannan ya miƙo hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, ko za a ara mini makar?"

Ya rubuta sunansa a sama. Da "Dr." ya fara.

Tsakanin allon da kujerar ƙarshe bai fi taku talatin ba, amma na fi jin nisansa a kan tafiyar da na yi daga garinmu. Kujerar ma babu, a bakin taga na raɓe, sitatin yana ta ƙara duk na motsa.

Ban gama farfaɗowa ba kodineta ya ce mu 'yan DE sai mun koma mun ɗauki kwasa-kwasan GST, wato darussan gama-gari, tare da 'yan aji ɗaya. Ina shiga na ji an ce, "Malam, ina kwana?" Binta ce, wadda na sha sa wa gwale-gwale a kan rashin yin jinga. Ita ta nuna mini yadda ake rajistar kwas a intanet, don sau biyu ina cikewa yana gogewa. Littafinta kuma na ara don in kwafi laccocin da suka wuce ni.

Da za ta ba ni, ta riƙe gefensa gam, ta kwaikwayi muryata sak:

"Gobe ƙarfe takwas nake son ganinsa, Malam. Kuma ba na jin uzuri."