Daɗewa a kan waya ba shi ne jarabar intanet ba

Mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ya wuni yana latsa waya ya kamu da jarabar intanet. Ba haka abin yake ba. Matar da ke sayar da atamfa ta WhatsApp tana iya yin awa takwas riƙe da waya, amma da magariba ta yi sai ta ajiye, ta shiga hidimar gidanta hankali kwance. Wannan sana'a take yi.

Abin dubawa shi ne ko mutum na iya tsayawa idan ya ga dama. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin waya da kwamfuta cikin jerin cututtuka, kuma ba ta ƙayyade yawan awoyi ba. Alamomi uku ta ambata: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, galibi har tsawon wata 12.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne matashin da ke cewa "minti biyar kawai", sai ga shi ƙarfe uku na dare cikin bargo, hasken waya a fuskarsa, asuba ta wuce shi, kuɗin karin kumallo sun tafi a sayen data. Ƙwace masa waya ba ya warkar da shi, ɓoyo kawai zai koya. Gara a kashe sanarwar manhajoji, wayar ta kwana a falo, a kuma zauna a ji me yake gudu, domin sau da yawa kaɗaici ne ko damuwa. Idan abin ya ci tura, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.