Masu cewa a bar kowa ya sha ƙwayar ƙara ƙarfi, ni ban yarda da ku ba

Jiya muhawara ta kaure tsakanina da wani abokina a kan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, kuma har yanzu maganarsa tana ci min rai. Cewa ya yi tunda an kasa hana 'yan wasa sha, gara a buɗe ƙofa kowa ya sha, wanda ya fi juriya ya ɗauki kofi, ai jikinsu ne. Ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba, har wasu 'yan kasuwa sun fito da gasa mai suna Enhanced Games a kan wannan ra'ayin. Ni kuwa na ce masa a'a, kuma zan faɗi dalilina a nan a tsanake.

Bari in fara da yaron da ya sa nake jin zafin abin nan. Shekarun baya ina zuwa wajen ɗaga ƙarfe, akwai wani matashi da bai kai ashirin da biyu ba, siriri, mai ladabi, kullum "Yaya, ina kwana" kafin ya taɓa ƙarfe. Cikin wata huɗu yaron nan ya buɗe. Kafaɗa ta cika, wuya ya yi kauri, rigarsa kamar za ta yage. Kowa na yaba masa, har da ni, kuma wannan yabon nawa yana damuna har yau. Ranar da ya cire riga zai canza na ga bayansa: ƙuraje manya-manya jajaye tun daga wuya har ƙugu, wasu sun fashe sun ɓata singileti. Na ce, "Ƙanena, me kake sha?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, 'yar allura ce kawai, sati goma sha biyu in daina." Bai daina ba. Duk lokacin da ya tsaya sai jiki ya saɓule, zuciya ta mutu, ya kasa ko tashi daga gado, sai ya koma. Bayan ya yi aure shekara biyu shiru, likita ya gwada maniyyinsa ya ce kusan babu komai a ciki.

Ba asiri ba ne, haka maganin yake aiki. Waɗannan ƙwayoyi da allurai da ake kira sitiroid masu gina tsoka, kwaikwayon sinadarin namiji ne, wato testosteron. Likitoci suna ba da su ga masu larura ta gaske, kamar wanda jikinsa ba ya samar da sinadarin ko wanda doguwar jinya ta zaftare masa tsoka. Amma mai neman ƙwanji yakan ɗura ninki goma ko fiye na abin da likita zai rubuta. Da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini sai ta daina aika wa 'ya'yan maraina saƙon su yi aiki, sai su ƙanƙance, maniyyi ya ragu. Wani ɓangare na sinadarin kuma jiki yana juya shi zuwa na mace, shi ya sa za ka ga ƙato da nono. Hanta tana wahala, musamman da na haɗiya. Hawan jini yana shigowa, kitse mai kyau a jini yana raguwa, tsokar zuciya tana kauri har ta kasa bugawa yadda ya kamata. Mace kuwa muryarta ta buɗe, gashi ya fito a fuska, al'ada ta rikice, kuma muryar ba ta cika komawa ba. Yaron da bai gama girma ba tsawonsa na iya tsayawa inda yake.

To, abokina zai ce wannan yaron ai shi ya zaɓa. Mu duba zaɓin nan da kyau. A Jamus ta Gabas, daga shekarun 1970 har faɗuwar katangar Berlin a 1989, gwamnati ce da kanta ta tsara ba 'yan wasa ƙwayar sitiroid mai suna Oral-Turinabol. Dubban 'yan wasa aka yi wa haka, da yawansu 'yan mata ƙanana masu ninƙaya da guje-guje. Koci zai miƙo 'yar ƙwaya shuɗiya ya ce bitamin ne. Yarinyar shekara goma sha huɗu me ta sani? Heidi Krieger ta ci zinaren Turai a jifan dalma a 1986, an fara ba ta ƙwayar tun tana budurwa, jikinta ya sauya har daga baya ta koma rayuwa a matsayin namiji da suna Andreas. A shekarar 2000 kotu a Berlin ta samu shugaban wasannin ƙasar Manfred Ewald da likita Manfred Höppner da laifi, amma hukuncin ɗaurin jingine aka yi musu, ko kwana ɗaya ba su yi a kurkuku ba saboda shi. Waɗanda aka lalata wa hanta da mahaifa su ne suka yi zaman ɗaurin a cikin jikinsu. Wannan fa a lokacin da abin yake haramun ke nan, ana yi a ɓoye. Ranar da aka halatta shi, wane koci ne zai jira yaro ya kai goma sha takwas?

Ko babban mutum ma zaɓin nasa na jeka-na-yi-ka ne. In mutum ɗaya a layin tsere ya sha, sauran bakwai ko su sha ko su nemi wata sana'ar. Abin da ya faru a tseren keke ke nan. Lance Armstrong ya lashe Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, yana amfani da EPO mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, da ƙarin jini, da testosteron. Aka ƙwace kofunan a 2012, ya amsa da bakinsa a 2013. Abin da ya fi ɗaga min hankali a labarinsa shi ne ba a miƙa kofunan ga kowa ba, aka bar gurbin shekaru bakwai babu gwarzo, don yawancin na bayansa ma hannunsu ba tsabta. Ka yi tunanin matashin da ya shigo wannan fagen da niyyar yin gumi na halal. Ina zai sa ƙafa?

Na yarda da abu ɗaya a maganar abokina: masu gwaji kullum suna bayan masu sha. Ben Johnson ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, kwana uku aka ƙwace zinaren saboda an ga stanozolol, wani nau'in sitiroid, a fitsarinsa, amma Marion Jones ta kwashe lambobi biyar a gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ba tare da gwaji ya kama ta ba, sai a 2007 ta amsa laifi. An kafa WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, a 1999, duk da haka a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sochi ta Rasha a 2014 ta wani ɗan rami a bango ake musanya kwalaben fitsarin 'yan wasan Rasha da daddare, kamar yadda shugaban ɗakin gwajin, Grigory Rodchenkov, ya fallasa daga baya. Duk gaskiya ne. Amma don ɓarawo ya iya haura katanga ba a rushe katangar. Abin da nake so a gyara shi ne wa ake kamawa. Ɗan wasa ake dakatarwa a buga hotonsa duniya ta gani, likitan da ya haɗa maganin da kocin da ya kawo shi da dillalin da ya sayar su koma kan wani yaron. Ya kamata igiyar ta kai wuyansu su ma.

Mu 'yan kallo ma ba mu fita ba. Mu ne muke son a karya tarihi duk shekara, mu ne muke danna wa hoton mai faffaɗan ƙirji alamar so ba mu tambayi yadda aka yi ba. Yawancin masu tsira wa kansu allurar nan yau ba 'yan wasa ba ne, babu kofin da suke nema, samari ne da suka ga wani jiki a waya suka raina nasu. Suna sayen kwalbar da ba su san me ke ciki ba, wasu har allura ɗaya suke karɓa-karɓa, ga ciwon hanta da ƙanjamau na jira.

Sannan akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato wanda aka ci wa haƙƙi. A Sidni a 2000 'yan Najeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 ɗan tawagar Amurka Antonio Pettigrew ya amsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna, aka ƙwace musu zinaren. Sai a Yulin 2012 kwamitin Olamfik ya tabbatar wa Najeriya da shi. Ihu bayan hari. Ba a buga musu taken ƙasa a filin Sidni ba, ba su tsaya a saman dandamali ba, ladan da zai zo da zinare a lokacin ƙuruciyarsu ya wuce. Sunday Bada kuwa ya rasu a Disambar 2011 yana da shekara 42, wata bakwai kafin sanarwar. Allah Ya jiƙan rai, har ya koma ga Mahaliccinsa azurfa yake riƙe da ita a tseren da shi ya ci.